Ƙuri'a 50 da 48: yadda za ka bayyana wa jama'a rikicin naɗa alƙalin Kotun Ƙolin Amurka

Ranar Asabar 6 ga Oktoba, 2018, Majalisar Dattawan Amurka ta tabbatar da Brett Kavanaugh a matsayin alƙalin Kotun Ƙoli. Sanatoci 50 suka amince, 48 suka ƙi. Ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, masu zanga-zanga na kururuwa daga benen 'yan kallo, mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence da ke jagorantar zaman yana ta umartar dogarin majalisa ya tsawatar. Rabon da a tabbatar da alƙalin wannan kotu da tazarar da ta fi wannan ƙanƙanta tun 1881, lokacin da Stanley Matthews ya tsallake da ƙuri'a 24 da 23.

Wannan bayani na mai gabatar da shiri ne a rediyo, da mai fassara labaran ƙetare, da malamin da ɗalibai ke tsarewa da tambaya, da duk wanda ke rubuta sharhi a Facebook mutane suna ɗauka da muhimmanci. Irin wannan rikici zai sake zuwa, domin kujerun tara ne kacal kuma masu riƙe da su suna tsufa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko hoton fushin, wato masu kwalaye da masu kuka da masu ta da jijiyar wuya, a bar abin da ya haifar da shi. Mai sauraro sai ya tashi da tunanin cewa Amurkawa sun haukace a kan mutum ɗaya. Faɗan kuwa na kujera ne, da dokokin majalisa, da tsohuwar gaba.

Ka fara da lissafi kafin ka buɗe baki

Abu huɗu za ka rubuta a takarda tun ranar da kujera ta zama babu kowa.

Na farko, yawan sanatocin kowace jam'iyya. Majalisar Dattawa tana da mutum 100, biyu daga kowace jiha. A 2018 'yan Republican 51 ne, 'yan Democrat da masu mara musu baya 49. Idan aka yi kunnen doki, mataimakin shugaban ƙasa ne ke raba gardama. Ke nan 'yan Republican suna iya rasa mutum ɗaya su ci gaba da nasara, amma in suka rasa biyu ba tare da sun samo kowa daga ɗaya ɓangaren ba, magana ta ƙare.

Na biyu, sunayen waɗanda ba su tsayar da shawara ba. Ba sa wuce mutum huɗu ko biyar. A 2018 su ne Susan Collins ta jihar Maine, da Lisa Murkowski ta Alaska, da Jeff Flake na Arizona, dukansu 'yan Republican, sai Joe Manchin ɗan Democrat daga West Virginia. Jawabin sauran sanatoci casa'in da ɗoriya, komai zafinsa, ba ya sauya sakamako. Idan mintinka biyar ne a shiri, ka kashe uku a kan waɗannan huɗun.

Na uku, kujerar wa za a cike. Nan ne gizo ke saƙa. Lokacin da Neil Gorsuch ya gaji Antonin Scalia a 2017, ɗan mazan jiya ne ya maye gurbin ɗan mazan jiya, ma'aunin kotu bai motsa ba. Amma Kavanaugh ya gaji Anthony Kennedy ne, alƙalin da ya shafe shekaru yana raba gardama, wani lokaci ya bi wannan ɓangare wani lokaci wancan, musamman a kan zubar da ciki da auren jinsi. Haka a 2020, Amy Coney Barrett ta hau kujerar Ruth Bader Ginsburg, sai rinjayen 'yan mazan jiya ya tashi daga 5 da 4 ya koma 6 da 3. Gwargwadon yadda naɗi zai karkata ma'auni, gwargwadon zafin faɗan.

Na huɗu, kwana nawa ya rage a yi zaɓe. An tabbatar da Kavanaugh wata ɗaya cif kafin zaɓen tsakiyar wa'adi na 6 ga Nuwamba. An tabbatar da Barrett ranar 26 ga Oktoba, 2020, saura kwana takwas zaɓen shugaban ƙasa.

Akwai bambanci da Najeriya da ya kamata ka faɗa sau ɗaya a farkon bayani, don kada mai sauraro ya auna da abin da ya sani. A Najeriya Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ce ke ba da suna, shugaban ƙasa ya naɗa, Majalisar Dattawa ta tabbatar, alƙali kuma ya yi ritaya a shekara 70. A Amurka shugaban ƙasa ne ke zaɓar wanda ya ga dama, babu wata hukumar alƙalai a tsakani, kuma babu shekarun ritaya. Kavanaugh yana da shekara 53 aka rantsar da shi. Clarence Thomas ya hau a 1991 yana ɗan shekara 43. Shugaban ƙasa ba ya wuce shekara takwas, alƙalin da ya naɗa kuwa yana iya yin talatin. Jimla biyun nan sun isa su fahimtar da mutum dalilin kai ruwa rana.

In wani ya bugo waya ya ce ina ruwanmu, amsa tana kusa. Ranar 26 ga Yuni, 2018, kotun ta halatta dokar Trump ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga Amurka da ƙuri'a 5 da 4. Chadi ta taɓa shiga wannan jeri, a farkon 2020 kuma aka ƙara Najeriya da Sudan a kan wasu nau'o'in biza. Washegarin wannan hukunci ne Kennedy ya sanar da ritayarsa.

Matakan, da inda ake yawan tuntuɓe

Shugaban ƙasa ya sanar da suna, ya aika wa majalisa. Hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta binciki tarihin mutumin. Ya cike doguwar takardar tambayoyi ta kwamitin shari'a, ya zagaya ofisoshin sanatoci. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta ba shi maki, amma makinta shawara ce, ba ya ɗaure kowa. Sai zaman tantancewa a bainar jama'a, yawanci kwana huɗu. Sai ƙuri'ar kwamiti, sai ƙuri'ar rufe muhawara a zauren majalisa, sai muhawarar da ba ta wuce sa'a 30, sai ƙuri'ar ƙarshe, sai rantsuwa.

Ƙuri'u uku ke nan, kuma ana yawan cakuɗa su. A batun Kavanaugh, kwamiti ya yi tasa ranar 28 ga Satumba, 11 da 10. Ta rufe muhawara ta zo ranar 5 ga Oktoba, 51 da 49. Ta ƙarshe washegari, 50 da 48. Wanda ya sanar ranar Juma'a cewa an tabbatar da shi ya riga malam masallaci, domin sanata yana iya yarda a rufe muhawara sannan ya ƙi mutumin. Kafin ka ce "an tabbatar", ka duba wace ƙuri'a ce. Shafin intanet na Majalisar Dattawa yana saka sakamakon kowace ƙuri'a da sunan kowane sanata jim kaɗan bayan an kammala, tashar C-SPAN kuma tana nuna zaman kai tsaye ba tare da sharhi ba.

Ƙuri'ar kwamiti ma ba lallai ta kashe naɗi ba. A 1991 kwamiti ya yi canjaras 7 da 7 a kan Thomas, aka tura sunansa zaure, ya ci 52 da 48. A 1987 kwamiti ya ƙi Robert Bork da 9 da 5, duk da haka aka kai shi zaure, can ne ya faɗi da 42 da 58.

Za a tambaye ka me ya sa 50 da 48 bai cika ɗari ba. Steve Daines na jihar Montana, mai goyon bayan Kavanaugh, yana wajen ɗaurin auren 'yarsa. Murkowski, wadda ba ta goyon baya, sai ta janye ƙuri'arta ta ce a rubuta tana nan kawai, don tazarar ta tsaya yadda za ta kasance da dukansu sun kaɗa. Tsohuwar al'adar majalisa ce ta mutunta juna. Manchin ne kaɗai ɗan Democrat da ya amince.

Sai lokaci. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba agogon Kano da Yamai yana gaban na Washington da sa'a biyar, sauran watanni da sa'a shida. Zaman da ya fara ƙarfe goma na safe a can, ƙarfe uku na rana ne a nan, kuma yana iya kaiwa tsakar darenmu. Labarin da ka haɗa bayan la'asar rabin zama ne kawai, ka faɗa wa mai sauraro haka.

Yadda za ka ɗauki zargi

Nan ya fi ko'ina haɗari, nan kuma aka fi zaluntar mutane da fassara.

Ga abin da ke rubuce. Trump ya sanar da sunan Kavanaugh ranar 9 ga Yuli. An yi zaman tantancewa daga 4 zuwa 7 ga Satumba. Tun ƙarshen Yuli wata malamar jami'a a California, Christine Blasey Ford, ta rubuta wa Sanata Dianne Feinstein wasiƙa tana neman a sakaya sunanta. Labarin wasiƙar ya fita, sai ranar 16 ga Satumba ta bayyana kanta a jaridar Washington Post. Ta ce a wani taron matasa a farkon shekarun 1980, tana 'yar shekara 15 shi yana 17, ya danne ta a kan gado cikin maye, ya yi ƙoƙarin cire mata tufafi, ya toshe mata baki da ta yi yunƙurin ihu, daga baya ta kuɓuta. Kavanaugh ya musanta gaba ɗaya. Ranar 27 ga Satumba kowannensu ya yi rantsuwa ya ba da shaida a gaban kwamiti, ita ta ce ba ta da shakka ko kaɗan shi ne, shi ya ce bai taɓa yin haka ga kowa ba. Mutanen da ta ce suna gidan a ranar sun ce ba su tuna taron ba.

Yanzu kalmomi. Ba ta ce ya yi mata fyaɗe ba. Ta ce ya ci zarafinta kuma ta yi zaton fyaɗen zai yi mata. Kalmar Turancin da jaridu suka yi amfani da ita, wato "sexual assault", tana da faɗi, ta haɗa taɓa jiki da ƙarfi har zuwa fyaɗe, shi ya sa mai fassara cikin gaggawa yake faɗawa kan kalma mafi nauyi. Ka bayyana abin da aka ce an yi, kada ka laƙaba masa suna mafi muni ko mafi sauƙi. Haka "tuhuma" da "zargi" ba ɗaya ba ne a nan. Babu mai gabatar da ƙara da ya gurfanar da shi, babu kotun da ta saurari maganar. Ka ce "ta zarge shi", ka biyo da "ya musanta" a jimla ɗaya ko ta kusa da ita, kowane lokaci, ko da ka gaji da maimaitawa.

"Ba su tuna ba" kuma ba daidai yake da "sun ƙaryata ta" ba, kamar yadda ba daidai yake da "sun gaskata ta" ba. Kowane ɓangare ya ja wannan jimla zuwa wajensa. Kai ka bar ta yadda take.

Kada ka zuba zarge-zarge duka a ƙwarya ɗaya. Bayan Ford, Deborah Ramirez ta kawo nata na zamanin da suke jami'ar Yale, wanda shi ma ya musanta. Sai na uku da lauya Michael Avenatti ya gabatar, wanda ya raunana da aka fara bincikarsa, har shugaban kwamiti Chuck Grassley ya miƙa batun ga ma'aikatar shari'a. Magoya bayan Kavanaugh sun yi amfani da raunin na ukun wajen shafa wa na farko kashin kaji. 'Yan adawa kuma sun yi ta cewa "mata uku" kamar nauyin hujjojin ɗaya ne. Ka ɗauki kowanne da sunansa da abin da ke goyon bayansa.

Sai binciken FBI. Ranar 28 ga Satumba wasu mata biyu suka tare Flake a ƙofar lifta, ɗaya tana riƙe da ƙofar, suna gaya masa abin da ya taɓa samunsu, kyamara na ɗauka, shi kuma ya sunkuyar da kai. Sa'o'i kaɗan bayan haka ya kaɗa ƙuri'ar amincewa a kwamiti bisa sharaɗin a ba FBI mako guda ta ƙara bincike. Abin da za ka fahimtar da mutane shi ne wannan ba binciken laifi ba ne. Binciken tarihin ma'aikaci ne, Fadar White House ce ke shata iyakarsa, kuma hukumar ba ta yanke hukunci, tana rubuta abin da aka gaya mata ne ta miƙa. Ba ta yi hira da Ford ba, ba ta yi da Kavanaugh ba. Kwafi ɗaya aka ajiye a wani ɗaki mai tsaro, sanatoci suna shiga bi da bi suna karantawa. 'Yan Republican suka fito suka ce babu abin da ya gaskata zargin, 'yan Democrat suka ce an ɗaure wa binciken hannu. A 2021 FBI ta bayyana cewa ta samu bayanai sama da 4,500 ta layin da ta buɗe wa jama'a, ta miƙa waɗanda ta ga sun dace ga lauyoyin fadar.

Saboda haka duk wanda ya ce maka FBI ta wanke shi, ya wuce gona da iri. Trump kansa, a bikin da aka yi a fadarsa ranar 8 ga Oktoba, ya ce an tabbatar ba shi da laifi. Ka ruwaito cewa Trump ne ya faɗa, kada ka mayar da ita maganarka. Wanda kuma ya ce an tabbatar ya aikata, shi ma ya wuce gona da iri. A ganinmu amana ita ce ka gaya wa mai sauraro cewa ƙuri'ar sanatoci hukunci ne na siyasa a kan ko mutum ya dace da kujera, ba hukuncin kotu ba ne a kan abin da ya faru a wancan ɗaki. Collins a dogon jawabinta na 5 ga Oktoba ta ce ma'aunin da ta ɗauka shi ne ko zargin ya fi kusa da gaskiya fiye da akasin haka, ta ce bai kai ba. Wasu suka ce neman aiki ne ba shari'a ba, shakka kaɗai ta isa a nemi wani. Wannan saɓani a kan ma'auni shi ne zuciyar rabuwar, kuma ya cancanci minti biyu cikakku a shirinka.

Akwai ƙorafi na daban da ake mantawa. A zaman 27 ga Satumba Kavanaugh ya fusata, ya kira abin bita-da-ƙullin siyasa, ya yi sa-in-sa da sanatoci. Malaman shari'a sama da 2,400 suka sa hannu a wasiƙa cewa halin da ya nuna bai dace da alƙali ba, tsohon alƙalin kotun John Paul Stevens ma ya janye goyon bayansa. Kavanaugh kansa ya rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa ya faɗi wasu abubuwan da bai kamata ba. Magoya bayansa suka ce duk wanda aka yi wa irin wannan yarfe a gaban matarsa da 'ya'yansa dole ya fusata. Wannan batu ne mai zaman kansa, ba ya dogara ga gaskiya ko ƙaryar zargin.

Ka ba kowane ɓangare tarihin fushinsa

Ruwa ba ya tsami banza. Gwajin da za ka yi wa kanka shi ne, in ɗan wancan ɓangare ya ji yadda ka bayyana kokensa, zai ce haka ne?

Ɗan Democrat zai fara da 2016. Scalia ya rasu ranar 13 ga Fabrairu, Obama ya miƙa sunan Merrick Garland ranar 16 ga Maris, shugaban masu rinjaye Mitch McConnell ya ƙi ko da kiran zaman tantancewa, ya ce shekarar zaɓe ce a bar jama'a su yanke. Sunan ya zauna kwana 293 har wa'adin majalisar ya ƙare. A 2020 kuma Ginsburg ta rasu ranar 18 ga Satumba, aka cike kujerarta cikin mako shida ana tsaka da zaɓe. A wajen ɗan Democrat baki biyu ne tsagwaronsa. McConnell yana kare kansa da cewa a 2016 fadar da majalisar suna hannun jam'iyyu daban-daban, a 2020 kuwa hannu ɗaya.

Ɗan Republican zai koma 1987, ya ce da Bork aka fara ɓata sunan alƙali don ra'ayinsa, aka maimaita da Thomas a 1991 lokacin da wata mata, Anita Hill, ta zarge shi da cin zarafi. Zai tambaya me ya sa Feinstein ta riƙe wasiƙar Ford makonni shida, sai da aka gama tantancewa ta fito. Zai kuma tuna maka cewa a Nuwamban 2013 'yan Democrat ƙarƙashin Harry Reid ne suka fara soke sharaɗin ƙuri'a 60 na rufe muhawara a kan alƙalan ƙananan kotuna. 'Yan Republican suka faɗaɗa sokewar zuwa Kotun Ƙoli a Afrilun 2017.

Wannan sauyin doka shi ne abin da ya fi komai bayyana halin da ake ciki, kuma shi aka fi tsallakewa don ba shi da hoto. Muddin ana iya buƙatar ƙuri'a 60, shugaban ƙasa yana da dalilin neman wanda 'yan adawa za su iya haɗiya. Da aka koma rinjaye kawai, wannan dalili ya tafi. Karanta wa mai sauraro waɗannan alƙaluma a jere, zai ji gangarowar da kunnensa: Scalia 98 da 0 a 1986, Ginsburg 96 da 3 a 1993, John Roberts 78 da 22 a 2005, Elena Kagan 63 da 37 a 2010, Gorsuch 54 da 45 a 2017, Barrett 52 da 48 ba tare da ɗan adawa ko ɗaya ba, Ketanji Brown Jackson 53 da 47 a 2022. Amma ka lura gangarowar ta fara tun kafin a taɓa dokar, don haka kada ka ɗora mata laifin duka.

Ka kuma guji raba jam'iyyun gida biyu na kirki da na banza bisa abin da ya dace da zuciyar mai sauraronka. Bahaushe zai iya jin ya fi kusa da 'yan mazan jiya a kan zubar da ciki da auren jinsi, ya kuma ji ya fi kusa da masu sassauci a kan baƙi da hana biza. Alƙali ɗaya ne ke kaɗa ƙuri'a a duka biyun.

Auna fushin, kada ka ƙiyasta shi da ido

Hoton zanga-zanga ba ya gaya maka yawan masu fushi a ƙasa mai mutum sama da miliyan 300. Ranar 4 ga Oktoba 'yan sandan majalisa sun kama sama da mutum 300, akasarinsu a harabar wani ginin ofisoshin sanatoci. Irin wannan kamu yawanci na zaman dirshan ne da aka shirya, a biya tara kaɗan a tafi gida. In ka ce "an kama ɗaruruwa" ka yi shiru, mai sauraro zai hango barkonon tsohuwa da kurkuku. Ka kuma duba ranar kowane hoto da bidiyo kafin ka tura, domin an sha yin gangami a gaban wannan kotu, matakalarta ɗaya ce a 2018 da 2020 da 2022.

In za ka kawo ƙuri'ar jin ra'ayi, ka faɗi wanda ya yi ta, da ranar, da tambayar da aka yi, ka nemi rabe-raben jam'iyya. Jimillar kan ɓoye labarin. Rabi da rabi na iya nufin kusan duk 'yan wannan jam'iyya sun yarda, kusan duk 'yan waccan sun ƙi. Mafi amfani shi ne ma'aunin da ake maimaitawa shekara da shekaru. Kamfanin Gallup ya samu kashi 25 cikin ɗari kacal na masu amincewa da kotun sosai a Yunin 2022, mafi ƙanƙanta tun da ya fara tambayar.

Zaɓe ne ma'auni na gaske, shi ma fuska biyu gare shi. A Nuwamban 2018 'yan Democrat sun ƙwace Majalisar Wakilai, 'yan Republican kuma sun ƙara kujerunsu na Dattawa zuwa 53. Sanatocin Democrat Heidi Heitkamp da Joe Donnelly da Claire McCaskill, waɗanda suka ƙi Kavanaugh a jihohin da Trump ya ci, duk sun faɗi. Manchin da ya amince ya tsira. Amma Jon Tester na Montana ya ƙi kuma ya ci, Collins da aka tara miliyoyin daloli don kayar da ita ta sake cin zaɓe a 2020. Fushin ya tayar da ɓangarorin biyu ne, kowanne a inda yake da yawa. Kada ka ce abu ɗaya ne ya jawo sakamakon, domin a wannan zaɓe an yi ta magana a kan inshorar lafiya da baƙin haure da Trump kansa.

Bayan rantsuwa

Za a tambaye ka ko ana iya cire shi. Ana iya tsige alƙali in Majalisar Wakilai ta tuhume shi da rinjaye, kashi biyu cikin uku na Dattawa, wato 67, suka same shi da laifi. Alƙalin Kotun Ƙoli ɗaya tak aka taɓa tuhuma haka, Samuel Chase a 1804, kuma Dattawa suka sallame shi a 1805. Ƙorafe-ƙorafe 83 na ɗa'a da aka shigar kan Kavanaugh an kore su a Disamban 2018, ba don an duba an ga ba su da tushe ba, sai don dokar ƙorafin ba ta hau kan alƙalan Kotun Ƙoli. Wannan bambanci ne da dole ka furta.

Za ka ji ana kiran a ƙara yawan kujeru. Tsarin mulki bai ƙayyade tara ba, dokar majalisa ce ta 1869. Shugaba Franklin Roosevelt ya nemi ƙara har shida a 1937, 'yan jam'iyyarsa ma suka juya masa baya. Kwamitin da Biden ya kafa a 2021 ya miƙa rahoto bai ba da shawarar ƙari ba. Akwai kuma masu son a ƙayyade wa'adin shekara 18. Ka bayyana su a matsayin shawarwari, ka faɗi ƙuri'un da kowace ke buƙata.

Barazana ta shafi kowa. Ford ta bar gidanta da iyalinta saboda barazanar kisa. An yi wa iyalin Kavanaugh irinta, a Yunin 2022 kuma aka kama wani ɗauke da bindiga kusa da gidansa a jihar Maryland. In ka ambaci ɗaya ka ambaci ɗayar. Kada ka tura adireshin gidan kowa ko hoton 'ya'yansa, ko da ka gan su suna yawo a intanet.

Kada ka rufe fayil ranar rantsuwa, tsugune ba ta ƙare ba. Ranar 24 ga Yuni, 2022, kotun ta soke hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar, alƙalai biyar suka goyi bayan sokewar, uku daga cikinsu Trump ne ya naɗa. Nan take aka tono abin da suka faɗa lokacin tantancewa. A nan ma ka koma ga rubutaccen zaman. Kavanaugh ya ce tsohon hukuncin kafaffe ne da aka sha jaddadawa, bai yi alƙawarin ba zai taɓa shi ba. Collins da Manchin sun ce hukuncin ya saɓa da abin da ya nuna musu. Ka kawo kalamansa, ka kawo nasu, ka bar mai sauraro ya auna.

A cikin fayil ɗin ka ajiye shekarun haihuwar alƙalan, Thomas 1948, Samuel Alito 1950, Sonia Sotomayor 1954, Roberts 1955. Ka ajiye rabon kujerun Dattawa, wanda zaɓen 2024 ya bar shi 53 da 47 a hannun 'yan Republican, kana sabunta shi bayan kowane zaɓe, tare da sunayen sanatoci uku ko huɗu da suka taɓa saɓa wa jam'iyyarsu a irin wannan ƙuri'a.